Wayar Tsakiya: Tarihin Tsimin Jan Ƙarfe da Gobarar Lantarki

GABATARWA

Wani dare cikin hutun daminar da ta wuce, muna zaune a tsakar gida bayan sallar isha'i, sai muka ga ƙwan lantarkin da ke rataye a bakin rumfa ya yi wani irin haske, kai ka ce rana ce ta faɗo cikin gidan. Kafin wani ya ce uffan sai ya fashe. Fankar ɗakin mahaifiyarmu ta shiga gudu kamar za ta tsinko, talabijin kuwa ya yi wata ƙara ya soma hayaƙi. Ƙanena ne ya yi ta maza ya ruga ya zare fis. Da muka fito ƙofar gida sai muka tarar unguwa ta ruɗe. A gida na huɗu daga namu, wata caja da aka bari a kan katifa ta kama wuta. Allah ya taƙaita, ɗaki guda ne ya ƙone, ba a rasa rai ba.

Abin da ya ɗaure mini kai a daren nan shi ne maƙwabcinmu mai wanki da guga, wanda bango ɗaya ya raba mu da shi. A daidai lokacin da kayanmu ke ƙonewa, shi kuka yake wutarsa ta yi rauni, ƙwansa ya yi ja kamar garwashi, dutsen gugarsa ko ɗumi bai yi ba. Kashegari kowa ka tara sai ya ce, "Ai jiya wuta mai ƙarfi aka kawo." To, yaya za a yi a kawo wuta mai ƙarfi gidanmu, a kai mai rauni gidan da ke jikin namu, alhali tiransifoma ɗaya muke sha? Wani dattijo mai aikin wayarin a unguwarmu shi ya warware mini. Ya ce, "Ɗana, ba wanda ya ƙara wuta. Nutural ce ta tsinke a gindin tiransifoma."

Wannan waya da ma'aikatan wuta ke kira nutural, ni zan kira ta wayar tsakiya, kuma tarihinta nake so in ɗan gutsura wa mai karatu. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. In muka waiwaya za mu ga cewa an ƙirƙiro wayar nan don a rage kuɗin jan ƙarfe, ta kuwa rage shi ƙwarai. Amma fa ladan wannan tsimi shi ne aka ɗaura lafiyar gidaje masu yawa a kan waya ƙwaya ɗaya.

MATSALAR JAN ƘARFE

Labarin ya faro ne daga birnin Niyok na ƙasar Amurka. Ranar 4 ga Satumba, 1882, Tomas Edison ya buɗe gidan wutarsa a Titin Pearl, ya soma sayar wa jama'a lantarki, da fitilu kimanin 400. Wutar da injinansa ke bayarwa irin mai bin hanya ɗaya ce, watau irin ta batir, ƙarfinta kuma bolt 110. Waya biyu ce ke zuwa kowane gida, ɗaya ta kai wuta, ɗaya ta komo da ita.

Ba a daɗe ba sai matsala ta bayyana. Duk wayar da wuta ke bi takan yi zafi, wannan zafi kuwa hasara ce, domin wuta ce da aka kashe gawayi aka samar amma ba ta isa ga mai saye ba. In ƙarfin turin wutar kaɗan ne, kamar bolt 110 ɗin nan, dole a kwarara ta da yawa kafin ta yi aikin kirki. In kuwa za a kwarara ta da yawa, dole a sami waya mai kauri. Wayar nan ta jan ƙarfe ce, jan ƙarfe kuwa ba araha gare shi ba. Saboda haka gidan wuta irin na Edison ba ya iya kai wuta nesa da kamar mil guda, in ba so ake kuɗin waya ya cinye ribar ba. A tsakiyar Niyok, inda bankuna da ofisoshi ke cunkushe, ciniki na iya yiwuwa. A ƙananan garuruwa kuwa, inda gidaje ke warwatse, lissafi ba ya fita.

Masana sun san maganin abin. In aka ninka ƙarfin turin wuta sau biyu, rabin kwararar farko ta isa ta yi aiki iri ɗaya. Zafin da ke ɓata a waya kuwa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Watau da bolt 220, rubu'in jan ƙarfen da ake bukata a bolt 110 ya wadatar. Sai dai ƙwan fitilar zamanin an yi shi ne don bolt 110 ko kusa da haka. Ana iya jera ƙwai biyu bi da bi su raba bolt 220 a tsakaninsu, amma da zarar an kashe ɗaya, ɗayan ma ya mutu. Ba wanda zai yarda fitilarsa ta dogara da ta maƙwabcinsa.

HAIHUWAR WAYA TA UKU

Mutum biyu suka gano mafita kusan lokaci guda. A Ingila, wani injiniya mai suna Jon Hopkinson ya sami takardar mallakar dabarar a 1882. A Amurka kuma Edison ya sami tasa a 1883. Dabarar ita ce a haɗa injin biyu, kowanne mai bolt 110, bi da bi, sa'an nan a fito da waya uku: ɗaya daga wannan gefe, ɗaya daga wancan gefe, ta uku kuma daga mahaɗarsu a tsakiya. Rabin fitilun gari a sa su tsakanin wayar dama da ta tsakiya, ɗaya rabin tsakanin wayar hagu da ta tsakiya. Kowane ƙwai yana samun bolt 110 ɗinsa, kowa na iya kashe nasa ba tare da ya taɓa na wani ba, amma kuma wayoyin gefe biyu suna aiki da bolt 220.

Don mai karatu ya gane aikin wayar tsakiya, ya dubi jakin da aka labta wa mangala. In kayan dama da na hagu nauyinsu ɗaya, majayin da aka ɗaure su da shi ba ya shan wata wahala, kayan ne ke riƙe juna. In gefe ɗaya ya fi nauyi, majayin ne ke ɗaukar bambancin, ya hana kaya kifewa. Haka wayar tsakiya take. In fitilun gefe biyu daidai suke, ba abin da ke bi ta cikinta. In gefe ɗaya ya fi jan wuta, ita ke komawa da rarar. Da haka take riƙe kowane gefe a kan ƙarfinsa.

Ga lissafin ribar. A ce gari na bukatar tan 100 na jan ƙarfe a tsarin waya biyu. A sabon tsari wayoyin gefe biyu tan 25 za su ci. In aka yi wayar tsakiya da kauri irin nasu, a ƙara tan 12 da rabi. Jimla tan 37 da rabi, watau an tsimi tan 62 da rabi cikin 100. Daɗin daɗawa, tun da rara kawai wayar tsakiya ke ɗauka, sai wasu suka riƙa yin ta siririya fiye da 'yan'uwanta don a ƙara tsimi.

Ranar 4 ga Yuli, 1883, Edison ya kunna wannan tsari a wani ƙaramin gari mai suna Sunbury a jihar Fensilbeniya, inda ya haskaka wani masauki a garin. A cikin shekarar kuma aka yi irinsa a garin Brockton, amma da wayoyi binne a ƙasa. Daga nan ƙananan garuruwa suka soma samun lantarki. Wanda ke shakkar cewa jan ƙarfe ne ke juya akalar wannan sana'a, ya dubi abin da ya faru daga 1887 zuwa 1889, sa'ad da wani attajirin Faransa mai suna Secrétan da abokansa suka yi yunƙurin saye jan ƙarfen duniya su ɓoye. Farashinsa ya kusa ninkawa kafin shirin nasu ya rushe a 1889, masu gidajen wuta kuwa sun ji a jikinsu.

DAGA WAYA UKU ZUWA HUƊU

Wutar Edison mai bin hanya ɗaya ba ta daɗe tana mulki ba. Joj Westinghouse da Nikola Tesla a Amurka, da wasu injiniyoyi a Turai, suka bunƙasa wuta mai kai da komo. Fa'idarta ita ce ana iya ɗaga ƙarfinta da tiransifoma zuwa dubban bolt, a tura ta nesa a siririyar waya, sa'an nan a sauke ta da wata tiransifomar a bakin unguwa. A Jamus, wani injiniya haifaffen Rasha mai suna Mikhail Dolivo-Dobrovolsky, wanda ke aiki da kamfanin AEG, ya kyautata tsarin layi uku. A 1891 aka tura wuta ta wannan tsari daga garin Lauffen zuwa wani baje koli a birnin Farankfot, tafiyar kilomita kusan 175. Duniya ta shaida cewa nisa ya daina zama shamaki.

To, amma wayar tsakiya ba ta mutu da mutuwar tsohon tsari ba. A Amurka har yau gidaje na karɓar waya uku daga tiransifoma, bolt 120 a kowane gefe, 240 tsakanin gefe da gefe, kamar dai yadda aka faro a Sunbury. A Ingila da sauran Turai kuwa layi uku ake fitarwa daga tiransifoma, a haɗa gindinsu wuri guda, daga mahaɗar a fito da waya ta huɗu. Tsakanin kowane layi da wayar tsakiya akwai bolt kimanin 230, tsakanin layi da layi kuwa kimanin 400. Tsofaffin littattafai 240 da 415 suke rubutawa. Sai a raba gidajen unguwa kashi uku, kowane kashi a kan layinsa, amma dukkansu wayar tsakiya ɗaya suke tarayya a kai. A da mangala biyu ce a kan jaki, yanzu ta zama uku, majayin dai bai ƙaru ba.

IN MAJAYI YA TSINKE

Mai karatu ya san abin da ke faruwa in majayi ya tsinke alhali kaya ba daidai suke ba. Gefe mai nauyi ya yi ƙasa, marar nauyi ya yi sama. Haka lantarki yake yi, ba ragi ba ƙari.

Alal misali, mu ɗauki gida biyu kawai don sauƙin lissafi, kowanne a kan layinsa. A gida na farko an kunna fitilu da rediyo, duka wat 100. A gida na biyu an kunna dutsen guga da hita, wat 2,000. Muddin wayar tsakiya na nan, kowanne na samun bolt 230. Da ta tsinke a gindin tiransifoma, wutar da ta shiga gida na farko ba ta da hanyar komawa sai ta bi guntun wayar da ya rage, ta ratsa kayan gida na biyu, ta fita ta layinsa. Gidajen biyu sun zama jere bi da bi a kan bolt 400, kamar ƙwan nan biyu da Edison ya guje wa jerawa. Rabon kuwa ba na adalci ba ne. Gidan da ke jan wuta kaɗan shi ke kwashe kaso mai tsoka. In aka buga lissafi, gida na farko zai sami bolt kimanin 380, na biyu kuwa kimanin 20. Ga amsar tambayata game da maƙwabcinmu mai guga.

Kayan da aka yi don bolt 230, in aka ɗora musu 380, zafin da za su yi ya kusa ninki uku. Ƙwai ya fashe, injin fanka ya gasu, caja da talabijin su narke, in akwai katifa ko labule kusa sai gobara. Kuma duk sa'ad da wani abu ya ƙone ko wani ya kunna wani abu a unguwar, rabo ya sake canzawa, gidan da ke cikin duhu ɗazu ya koma shi ke ƙuna. Shi ya sa fitilu ke yin sama da ƙasa a irin wannan dare.

Wani zai ce, ina amfanin fis ke nan? A nan haɗarin yake. Fis ba ya auna ƙarfin turin wuta, yawan kwararar da ta bi ta cikinsa yake aunawa. A misalin da muka kawo, kwararar da ke ratsa gidajen biyu ba ta kai amfiya ɗaya ba, alhali fis ɗin gida an yi shi ne ya jure amfiya 30 ko fiye. Saboda haka kaya na ƙonewa, fis na zaune lafiya lau. Mai gadin da aka ajiye bai san ɓarawon nan ba.

DOKOKIN DA GOBARA TA HAIFAR

Tun ranar da lantarki ya shiga gidaje tsoron gobara ke biye da shi. A Ingila, wani basarake mai suna Salisbury, wanda daga baya ya zama Firayim Minista, ya sa wa gidansa na Hatfield lantarki a 1881. An ba da labarin cewa in waya ta yi tartsatsi a rufin katako, 'yan gidan matasan kai suke jifa da su don su kashe wutar. A ƙarshen shekarar wani ma'aikacin gidan ya taɓa waya ya rasu. A 1882 ƙungiyar injiniyoyin tangaraho da lantarki ta Ingila ta fitar da dokokin wayarin na farko, 'yan shafuka kaɗan, kuma sunan da aka ba su ma na rigakafin gobarar fitilar lantarki ne. Dokokin nan su ne aka yi ta gyarawa har aka kai bugu na 18 a 2018.

A Amurka, gidan wutar Titin Pearl kansa gobara ta cinye shi ranar 2 ga Janairu, 1890, injin guda kaɗai ya tsira. Kamfanonin inshora, da yake su ke biyan diyya, su suka fi kowa matsawa a yi doka, har aka sami kundin dokokin lantarki na ƙasa baki ɗaya a 1897.

Game da wayar tsakiya, darasi uku aka koya, kowanne da tsadarsa. Na farko, a farkon zamani akan sa fis a kan kowace waya, har da ta tsakiya, bisa zaton cewa yawan fis yawan tsaro ne. Sai aka gane cewa in fis ɗin wayar tsakiya ya ƙone shi kaɗai, an tsinke majayi da hannu ke nan. Daga baya dokoki suka hana sa mata fis, suka kuma hana a yanke ta ba tare da an yanke layukan wuta ba.

Na biyu shi ne ɗaure ta da ƙasa. An daɗe ana gardama a kan ko ya dace a haɗa wayar tsakiya da ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa. Masu inshora da fari sun ƙi, don tsoron wuta ta riƙa zurarewa ta ta da gobara. Injiniyoyi suka nuna cewa haɗin na kare mutane in aradu ta faɗa ko in babbar waya ta taɓa ƙarama. A 1913 dokar Amurka ta wajabta shi ga wutar gidaje. Wannan haɗi shi ya sa a kullum wayar tsakiya ba ta jan mutum, har mutane suka ɗauka waya ce marar wuta. Amma ƙarfen ƙasa ba ya maye gurbinta in ta tsinke, domin ƙasa ba ta ba wuta hanya kamar yadda jan ƙarfe ke ba ta, balle busasshiyar ƙasa mai rairayi a tsakiyar rani.

Na uku, a ƙarni na 20 son tsimi ya sake motsawa. A ƙasashe da yawa, har da Ingila, sai aka haɗa aikin wayar tsakiya da na wayar tsaro, watau wadda ake ɗaura wa jikin firiji da bututun ruwa, aka ɗora wa waya ɗaya daga tiransifoma zuwa ƙofar gida. An huta da sayen waya ta biyar. Amma a irin wannan tsari, in wayar ta tsinke, jikin firiji da kan famfo na iya ɗaukar wuta su ja mutum. Maganar ba ta mutu ba, domin a 2020 Ingila ta yi wa dokokinta gyara game da wuraren cajin motoci masu lantarki, inda aka tanadi na'urar da za ta yanke wuta in ta ga alamar wayar nan ta tsinke. Shekara 138 bayan takardar Hopkinson, ana nan ana biyan bashin jan ƙarfen da aka tsima.

ISOWARTA ƘASARMU

Me ya haɗa mu da wannan labari na Turawa? Abin da ya haɗa mu shi ne tsarin Ingila muka gada ɗungurungum. Lantarki ya fara shiga Ikko a cikin shekarun 1890. A 1929 kamfanin NESCO ya soma aiki a ƙasar Jos, yana ba ma'adinan kuza wuta daga ruwan Kurra. A Kano, En'e ce ta kawo ruwan famfo da lantarki a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A 1950 aka yi dokar kafa hukumar lantarki ta ECN, a 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, a 1972 aka haɗa ECN da hukumar madatsun Neja aka sami NEPA. A 2005 ta koma PHCN, a 2013 kuma aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu. Sunaye sun yi ta canzawa, amma wanda ya ɗaga kai ya dubi falwayar unguwarsu zai ga waya huɗu a jere: layi uku da wayar tsakiya, kamar yadda aka tsara a Jamus da Ingila.

Abubuwan da ke tsinke ta kuwa sanannu ne. Akwai ƙusar mahaɗa da ke sassautawa, ta yi ta zafi har ta ci wayar. Akwai tsatsa, musamman inda aka haɗa jan ƙarfe da alminiyam, wanda shi ma don araharsa aka koma masa. Akwai iskar farkon damina da reshen itace. Akwai ɓarayin da ke yanke wayoyin jan ƙarfe a gindin tiransifoma su kai wa masu gwangwan. A nan tarihi ya zagayo: tsadar jan ƙarfe ce ta haifi wayar, ita ce kuma ke sa a sace ta.

Akwai kuma namu laifin. In layi ɗaya ya ɗauke, kowa sai ya zare fis ɗinsa ya mayar kan layin da ke da wuta, ko ya kira yaro ya hau falwaya ya canza masa. Kafin a jima rabin unguwa ta tare a kan layi guda. An labta wa jaki kaya gefe ɗaya ke nan, duk nauyin kuma a kan majayi yake. Bugu da ƙari, tun shekarun 1980, sa'ad da kwamfutoci suka cika ofisoshi, injiniyoyi suka lura cewa irin waɗannan na'urori ba a hankali suke jan wuta ba, fizga suke yi, kuma fizgar layuka uku ba ta kashe juna, taruwa take yi a wayar tsakiya. Yau kuwa irin waɗannan kaya sun cika gidaje da shaguna. Wayar da aka tsara don ɗaukar rara, wani lokaci ita ta fi kowa ɗaukar kaya.

KAMMALAWA

A taƙaice, mun ga yadda tsadar jan ƙarfe ta sa Hopkinson da Edison suka ƙirƙiro wayar tsakiya, da yadda ta bi wuta mai kai da komo har ta iso ƙofar gidajenmu. Ba laifi ba ne a yi tsimi. Ba don wannan dabara ba, da talaka bai ga lantarki da wuri ba. Sai dai waɗanda suka ƙirƙiro ta sun gane cewa tsimin yana da sharaɗi, watau a daidaita kaya a kan layuka, a riƙa duba mahaɗa, a kuma tsare wayar. Mu mun karɓi wayar, sharaɗin ne muke wasa da shi.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa ɗalibai da su riƙe alamominta, su kuma kai su gida. In ka ga fitilar wani ɗaki ko wani gida ta yi haske fiye da kima alhali ta kusa da ita ta dushe, ko ka ga haske na ƙaruwa sa'ad da maƙwabci ya kunna dutsen guga, ko jikin firiji da kan famfo suna ɗan jan hannu, to kada ka tsaya zare kaya ɗaya ɗaya. Kashe babban makunnin gidan gaba ɗaya, ka sanar da maƙwabta su kashe nasu, a kai rahoto ga masu wuta. Kada kowa ya hau falwaya, kada kuma a watsa wa wutar lantarki ruwa kafin a yanke ta. Mai hali ya sa a ɗaura masa na'urar da ke yanke wuta in ƙarfinta ya haura ko ya faɗi, domin ita ke ganin abin da fis ba ya gani. Tiransifomar unguwa kuwa, a daina ɗaukarta kayan da ba na kowa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, balle a nan da waya ɗaya ta ɗaure gemun kowa.

Mu ɗaliban Hausa muna da namu aikin na musamman. Muddin abin da bakinmu ya iya faɗa shi ne "an kawo wuta mai ƙarfi", to ba za mu nemi inda ɓarnar take ba, sai dai mu sayi sabon talabijin mu jira wani daren. Na ba da shawarar "wayar tsakiya" a wannan rubutu. In malamanmu da masu sana'ar wuta suna da kalmar da ta fi ta dacewa, sai a kawo ta a zauna a tace, a sa ta a rediyo da littattafan makaranta, yadda tsohuwa a cikin gida za ta ji ta gane abin da ake nufi, ta san kuma makunnin da za ta kashe.

Allah ya kiyashe mu da gobara, ya tsare mana rayuka da dukiya, amin.